Kalmar Da Ta Farke Ɗinkin Goggo

Ko me zan manta a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata da na buɗe hannuwa na tare nas a ɗakin allura a wani asibiti a nan Ibadan ba. Har yau idan abin ya faɗo mini ina cikin aiki, sai na ajiye abin da ke hannuna na ɗan yi tsaki tukuna. Mutane suna ɗauka kunya ce kawai take damuna. Akwai kunyar, amma haushin ya fi ta yawa, don har gobe ina ganin an ɗana mini tarko ne da kalma guda ɗaya, ni kuma na faɗa da ƙafa biyu.

A unguwar Sabo aka haife ni, a nan na yi aure, a nan nake sayar da zoɓo da kunun aya daga cikin gida. A cikin sa'o'ina mata na layinmu ni kaɗai na ƙarasa sakandare, kuma ban taɓa bari wani ya manta da hakan ba. Duk wadda aka aiko wa takarda daga makarantar 'ya'yanta, ko wani dogon saƙo ya shigo mata waya, gidanmu take nufowa. Har suna aka sa mini, wai Baturiya. Idan aka kira ni da shi sai in ɓata rai in ce ba na so (ƙarya nake, da za a rubuta mini shi a ƙofar gida ma ba zan goge ba).

Sai kuma Goggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Katanga ɗaya ta raba gidanta da namu. Ba ta faɗin sunana saboda sunan mahaifiyarta aka sa mini, sai dai ta ce Uwata. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma tun kafin a haife ni masu shaguna a kasuwar Bodija suke sara a wajenta. Mace ce da ba ta da tsoro. Na sha ganin ta tsame ƙuli daga mai mai zafi da yatsunta idan matsami ya yi mata nisa. Amma ta ga allura, ko a hannun wani za a yi, sai ta fara salati tana neman ƙofa.

Wani ƙulli ne ya fito mata a gefen cibiya. Ta daɗe tana ɓoyewa tana shafa man zafi, har ranar da ya hana ta miƙewa. Muka kai ta wani asibiti da ke wajen Mokola, aka ce sai an yi aiki. Aka yi, Allah ya sa aka dace, bayan kwana huɗu aka ce za a sallame ta. Ni ce a wajenta tun farko, kuma ba wanda ya yi gardama a kan haka. Wa za a tura asibiti idan ba Baturiya ba?

Likitar da ta zo sallamar mu yarinya ce Bayarbiya, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta rufe baki da hanci da takunkumi, ga fanka tana ƙara a sama, ga janareto yana ruri a bayan taga. Ta gaishe da Goggo, sannan ta tambaye ni da Yarbanci ko da wane harshe za ta yi bayani.

A nan ya kamata ku san wani abu. Goggo ta fi shekara arba'in a garin nan. Yarbancinta ya fi nawa, da shi take ciniki, da shi take faɗa idan ta kama. Ni ma da shi na tashi. Da likitar ta yi bayaninta da Yarbanci, da babu labarin da zan ba ku yau. To amma a gadon da ke kusa da namu akwai Hajiya Larai, 'yar unguwarmu, wadda aka yi wa aiki a ƙafa, ga 'yan dubiya mata huɗu zaune a kan tabarma sun zuba mana ido. Hajiya Larai kuwa idan ta ga abu da safe, kafin azahar an ji shi a kowane lungu na Sabo. Sai na gyara hijabi, na ɗaga haɓa, na ce wa likitar da Turanci ta yi Turancinta kawai, ni zan fassara.

Ta kuwa saki baki kamar ana korar ta. Magani sau uku a rana bayan an ci abinci. Kada ruwa ya taɓa ɗinkin. A dawo bayan mako biyu. Duk na kama waɗannan. Sai ta ɗaga yatsa ta ce:

"And please, no exertion for six weeks. None at all."

Ni dai abin da ya shiga kunnena daga bayan takunkumin nan shi ne "injection", wato allura. Ku faɗi kalmomin biyu da sauri, bakinku a rufe da ƙyalle, janareto yana aiki, sannan ku zo ku gaya mini ko ku da kun bambance. Kalmar farko ban taɓa jin ta ba tunda nake. Ta biyun kuwa ko yaron goye a Sabo ya san ta. Sai ƙwaƙwalwata ta ɗauki wadda ta sani ta ajiye a wurin.

"Uwata, me ta ce a ƙarshen nan da ta ɗaga yatsa?" in ji Goggo.

"Ta ce babu allura har mako shida. Ko guda ɗaya."

Fuskar Goggo ta washe. "Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Ka ji likitar da ta san aikinta. To aiki fa? Tambaye ta yaushe zan koma kan turmina."

Likitar ta riga ta matsa gadon gaba. Taku uku ne tsakaninmu. Amma idan na bi ta na sake tambaya, matan nan za su ce Baturiya ba ta kwashe bayanin duka ba. Sai na ce, "Da akwai matsala ai da ta faɗa, Goggo. Likitocin yanzu ma so suke mutum ya riƙa motsa jiki."

Kafin mu fita har Hajiya Larai ta miƙo mini tata takardar na karanta mata, ta yi ta sa mini albarka.

Za ku ce, ban yi tunanin dalilin da zai sa likita ta hana allura har mako shida ba? Na yi mana. Tun muna cikin keke na samo dalilin da kaina: allurar barcin da aka yi mata wajen aiki ba ta gama fita daga jini ba, idan aka ƙara wata za su haɗu su yi faɗa. Haka na riƙa yi wa duk wanda ya zo dubiya bayani, ina kwatantawa da hannu. Har wata tsohuwa ta ce ilimi dai da daɗi.

Mutum ɗaya ne bai gamsu ba, mijina. Malam yana karantar da Alƙur'ani a wata Islamiyya da ke bayan masallaci, mutum ne da ba ya son yawan magana. Ya karɓi takardar sallamar ya juya ta sama da ƙasa. Rubutun likitar kamar kaza ta bi ta kan tawada. A layin ƙarshe akwai "No", sai wata doguwar kalma da ba a gane komai a cikinta sai wutsiyarta.

"Ni dai ban taɓa jin an hana mara lafiya allura ba," ya ce. "Da an kai wa mai kemis na bakin titi ya duba mana."

"Malam, ni na taɓa cewa a kai wa wani allon ɗalibanka ya duba ko ka rubuta daidai?"

Ya dube ni, ya ninke takardar, ya miƙo mini. "Allah ya ba ki haƙuri."

Na karɓa na jefa a jaka, ina jin na yi nasara.

Goggo ta daure ta kwanta mako guda, shi ma da ƙyar. Ranar na takwas wani mai shago ya bugo daga Bodija yana cewa ƙulinsa ya ƙare, mutane sai tambaya suke. Kafin la'asar an sauke mata buhun gyaɗa a tsakar gida.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake fitar da man gyaɗa a gida ba zai ɗauka wasa ne. Sai an soya gyaɗar, a murje, a sheƙe ɓawon, a kai inji. Idan ta dawo a niƙe sai a juye a babban turmi, a kama muciya da hannu biyu a yi ta juyawa ana yayyafa ruwan zafi. Da farko abin da laushi. Can sai ya fara tauri, ya riƙe muciyar, sai mutum ya kafa ƙafafu, ya ɗaure ciki, ya sa duk nauyin jikinsa kafin man ya fara tsatsowa. Bayan nan a kwashe tunkuzar a yi ta matsa a kan dutse, a mulmula, a soya. Wannan aikin Goggo ta koma, da ɗinki ɗanye a cikinta.

Ni kuma ina ina? Ina zaune a kan kujera 'yar tsugunno a gefenta, ina ɗura zoɓo a robobi, muna hira. Na ga lokacin da ta tsaya ta dafe gefen cikinta, ta cije leɓe.

"Uwata, wurin nan yana ɗan ja na."

"Ɗinkin ne yake kamawa, Goggo. Alamar warkewa ce."

(Ban san inda na samo wannan ba. Da an ba ni farar riga a makon nan, da na fara duba marasa lafiya.)

Kwana biyar tana wannan aiki. Ran na shida, safiyar Talatar da na ce muku, gari ya waye ban ji motsinta ba. Goggo da ke share tsakar gida tun an sallame asuba. Na zaga na tarar da ita kwance, jikinta zafi rau, gaban zaninta ya jiƙe da jini haɗe da wani ruwa. Na ɗaga rigar na duba, na sake ta da sauri. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Malam ya riga ya tafi makaranta, na fita a guje ba takalmi na tsayar da keke.

A asibiti wani likita daban muka tarar. Ya duba ta sama-sama, ya yi rubutu, ya ce a fara kai ta ɗakin allura kafin a kira wadda ta yi aikin. Ni hankalina ba ya jikina, ban ma kula da abin da ya ce ba. Sai da muka isa wani ɗan ɗaki mai labule, ga dogon benci a ƙofarsa cike da mutane. A kan bencin, da ƙafarta a naɗe, ga Hajiya Larai ta zo wankin ciwo, tare da wasu mata biyu 'yan Sabo da wani dattijo mai sayar da albasa a kasuwar Shasha da na sani.

Nas ɗin babbar mace ce mai tabarau, ta kusa sa'ar Goggo. Ta zaunar da ita, ta fasa wata 'yar kwalba, ta fara zuƙe ruwan da sirinji. Goggo, duk da zazzaɓin da take ciki, ta damƙo gefen hijabina.

"Uwata, ba kin ce an hana ba?"

Nan fa na dawo hayyacina, ko in ce na fita daga cikinsa gaba ɗaya. Tsoron da nake ciki tun safe ya juye ya zama faɗa. Na shiga tsakaninsu, na buɗe hannuwa, na ce da Turanci babu mai taɓa ta. Na ce likita ta hana allura har mako shida, yau kwana goma sha uku kacal. Na tambayi nas ɗin ko ba sa karanta fayil ɗin marasa lafiya ne a asibitin nan. Da Turancin ya fara ƙare mini na haɗa da Yarbanci, na ƙara da Turancin buroka. Bai ishe ni ba, sai na juya wajen mutanen benci na fassara musu da Hausa, don kada wani ya rasa abin da ake ciki.

"Kun gani ko? Haka suke kashe mutane. Da ba ni nan da tuni ta soka mata."

Dattijon nan ya girgiza kai ya ce Allah ya kyauta. Hajiya Larai ta ce, "Yi musu dai, Baturiya."

Nas ɗin ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye sirinjin a faranti, ta dube ni ta saman tabarau.

"Madam, who tell you say no injection?"

Wa ya gaya mini? Na zuge jaka na zaro takardar, na buɗe ta a gaban fuskarta, na ɗora yatsa a layin ƙarshe. Ta karɓa ta karanta. Ta dube ni. Ta sake karantawa. Ta fita da takardar a hannu.

Na juya na ce wa benci, "Sai an nuna musu an je makaranta suke shiga taitayinsu."

Ba a jima ba ta dawo tare da likitar nan yarinya. Yau babu takunkumi a fuskarta (sai yau ta ga damar cirewa, bayan ta gama jefa ni a rami). Ta ja labule ta duba Goggo. Da ta buɗe labulen fuskarta ta canza. Ko kallona ba ta yi ba, ta durƙusa a gaban Goggo ta tambaye ta da Yarbanci:

"Mama, me kika yi a gida tunda kika koma?"

Goggo ta amsa mata da Yarbancinta mai kyau, har da ɗan alfahari. Ta ce ta huta mako guda, sannan ta fitar da man buhu guda na gyaɗa ita kaɗai, ta ɗebi ruwa a rijiya, ta kuma ɗaga tukunyar suya sau ba adadi.

Likitar ta rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ta miƙe, ta juya bayan takardar, ta rubuta kalmomi biyu da manyan baƙaƙe, ɗaya a saman ɗaya. Ta miƙo mini ta ce in karanta.

Ta sama na karanta ta lafiya: INJECTION. Ta ƙasa kuwa, EXERTION, na tsaya ina kallonta tana kallona. A nan ne ya kamata in ce ban san ta ba. Mutum mai hankali abin da zai yi ke nan. Ni kuwa sai na ji bakina yana cewa, da ƙarfi, da Turanci:

"Ai duk ɗaya ne. Wannan rubutun Amurka ne."

Nas ɗin ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa.

Likitar ba ta yi dariya ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta koma Yarbanci, harshen da babu wanda ba ya ji a kan bencin nan, ta yi bayani a hankali kamar mai koya wa 'yan aji ɗaya. Ta ce kalmar sama allura ce, kuma ita ba ta taɓa hana allura ba. Ta ƙasa kuwa tana nufin aikin ƙarfi, duk abin da zai sa mutum ya tattaro ƙarfinsa, ya ɗaure ciki, ya yi nishi ko haki: ɗaga bokitin ruwa, daka, jan guga, hawa tudu da sauri. Tafiya a hankali a tsakar gida ba ta ciki, wannan ma ana so. Abin da ta hana shi ne takura wa jiki. Ta ce a duk ayyukan da mata suke yi a gida ba ta san wanda ya fi matsar man gyaɗa dacewa da kalmar ba. Ta ce ɗinkin ya buɗe a wuri biyu, ciwon ya fara ruwa, kuma da mun ƙara kwana biyu a gida da maganar da ake yi yanzu daban ce.

Sannan ta faɗi hukunci. Za a wanke a sake ɗinkewa. Allura safe da yamma har kwana biyar.

Na juya wajen Goggo, bakina ya buɗe da kansa saboda sabo. Ta ɗaga mini hannu.

"Ba sai kin fassara ba, Uwata. Wannan na ji shi."

Ina tsaye a wurin, ban san inda zan sa idona ba, sai na ji motsi a benci. Hajiya Larai ce take laluben jakarta. Ta zaro takardarta, ta miƙa wa nas ɗin ta gefena, ta ce da Yarbanci don Allah a sake duba mata wannan, don ita ma Baturiya ce ta karanta mata.

An duba, babu kuskure ko ɗaya a tata. Amma wannan ɓangaren bai shiga labarin da ya riga mu isa Sabo ba.

Yanzu bari in faɗi nawa, don ba a taɓa ba ni dama ba. Me ya hana likitar nan ta ce kada a yi aiki mai nauyi? Da ƙaramin Turanci ana faɗar wannan, mai tura baro a Bodija ma zai gane. Me ya kai ta ɗauko kalmar da shekara shida na yi a sakandare ban taɓa jin wani malami ya furta ba? Kuma wane irin harshe ne zai ajiye kalmomi biyu masu wutsiya iri ɗaya, ɗaya ta abin da ake soka wa mutum, ɗaya ta abin da mutum yake yi wa kansa, sannan a ce laifin mai sauraro ne? Da Hausa ko a cikin barci ba za ka rikita allura da aikin ƙarfi ba. Na faɗa wa Malam duk wannan a ranar, ina kuka ina faɗa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ya jikin Goggon?" Ko mai kemis bai ambata ba. Na so ya ambata, in samu abin kamawa.

Washegari ina zaune a bakin gadon Goggo na buɗe ƙamus a waya na nemo kalmar, har na danna na ji yadda ake furta ta. Ashe ba ta likitoci ba ce kaɗai. Ana cewa mutum yana haki bayan exertion, ko ciwon ƙirji yana taso masa idan ya yi shi. Tana da 'yar'uwa, exert, wato mutum ya matsa wa kansa, ya fitar da iya ƙarfinsa a kan abu. Kuma ta bambanta da exercise, motsa jikin da mutum yake yi don lafiya, wanda na yi ta yi wa Goggo wa'azinsa. Abin da ya fi ƙona mini rai, ƙamus ɗin ya ce ba jiki kaɗai ba, har ƙwaƙwalwa ana iya matsa mata haka, a yi tunani mai zurfi. Ni da Goggo mun raba aikin ke nan: ita ta yi na jikin da aka hana, ni na ƙi yin na kan da ba wanda ya hana.

Allura goma Goggo ta sha. Kowace ina riƙe da hannunta, kuma kowace sai ta kafe ni da ido tun daga shigar allurar har fitarta. Ba ta zage ni ba, ba ta kai ƙarata wajen kowa ba. Ranar ta ƙarshe na durƙusa na ce ta yafe mini, na kusa kashe ta. Ta ce, "Rai na Allah ne. Na yafe. Amma mutanena na Bodija ba za su zauna ba ƙuli har mako shida ba, kuma ni an hana ni wancan abin da kika ce na Amurka ne."

Haka na gaji turmi. Mako shida cur, bayan na gama zoɓona, sai in zaga in kama muciya. Ranar farko ban kai rabi ba hannuwana suka fara karkarwa. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, kafaɗuna suka riƙe, ko ruku'u sai da dabara. Goggo tana kishingiɗe a tabarma da filo a bayanta, tana ba da umarni: ƙara ruwan zafi, kafa ƙafarki, da ƙugu ake juyawa ba da wuyan hannu ba. Idan ta ga na tsaya ina haki, gumi yana ɗiga a cikin turmin, sai ta ce cikin tausayi:

"Sannu, Uwata. Yaya ma sunansa da Turanci?"

Matan layinmu kuwa sun ɗan ɗauke ƙafa. Masu kawo takarda suka ragu, waɗanda suke zuwa ma idan na gama karantawa sai in ga sun nufi wajen mai kemis da ita a hannu. Har yau akwai masu gaishe ni da "Ya mutanen Amurka?" Ina amsawa da lafiya lau, don idan na nuna haushi abin ba zai mutu ba.

Kwanan baya aka kira taron iyaye a makarantar 'yata. Wani malami ya tashi yana jawabi da Turanci, ya jefo wata doguwar kalma, ya maimaita ta har sau uku. Na duba hagu da dama, iyaye maza da mata kowa sai gyaɗa kai yake. Da can da na fi kowa gyaɗawa. Sai na ɗaga hannu na ce don Allah ban gane kalmar nan ba, ya faɗa mana da Yarbanci ko da ƙaramin Turanci. Matar da ke gefena ta raɗa mini cewa Allah ya saka, ita ma tun ɗazu take cikin duhu. Malamin ya yi gyaran murya, ya duba takardar da ke hannunsa, ya ce shugaban makaranta ne ya rubuta jawabin, zai tambaya ya sanar da mu.

Abin da na koya dai shi ne, "ban gane ba" ba ta ɗaukar ko daƙiƙa biyu a baki, kuma ban taɓa jin an kwantar da wani a asibiti saboda ita ba. Masu gyaɗa kai a kan abin da ba su ji ba kuwa muna da yawa a garin nan, har da masu riƙe da makirufo. Ni dai tawa ce ta fashe a gaban Hajiya Larai.